Jaridu da Katin Shaidar Ɗan Ƙasa: Abin Lura ga Hakiman Birnin Gwari

Tun shekara ta 1979 Gwamnatin Nijeriya ta kafa dokar yi wa kowane ɗan ƙasa katin shaida, amma aikin ya daɗe yana tafiyar hawainiya. Sau da yawa sai jaridu da gidajen rediyo sun ɗaga murya sa'an nan Gwamnati ta sake shiri.

A 2001 aka ba kamfanin Sagem na Faransa kwangilar katin. A ƙarshen 2003 jaridu suka cika da labarin zargin cin hanci cikin kwangilar, har aka kai waɗansu manyan Gwamnati gaban shari'a. Jama'a suka yanke ƙauna daga wannan kati. A 2007 aka kafa sabuwar hukuma, watau NIMC, wadda ke ba kowa lambarsa ta NIN.

A watan Disamba na 1920 babu wanda ya san wayar hannu, amma a Disamba na 2020 Gwamnati ta umarci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar nan cikin mako biyu, domin a toshe hanyar ɓarayin mutane. Jaridu suka yi ta buga hotunan cunkoson jama'a a ƙofar ofisoshin Legas da Abuja, ga kuwa annobar korona. Aka yi ta ɗage wa'adin, sai a Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira.

To, abin lura shi ne, ɗan jarida inda ƙafarsa ta kai nan yake gani. Cunkoson birni ya shiga jarida. Manomin Kuyello ko Randagi ko Dogon Dawa, wanda tsoron 'yan bindigar dajin Kamuku ya hana shi zuwa wurin rajista, da wuya a ji labarinsa, balle a 2021 da aka katse layukan waya a ƙasar Birnin Gwari har kusan wata biyu.

Saboda haka lalle ne hakimai da magatakardansu su riƙa rubuta ƙauyukan da masu rajista ba su kai ba, da nisan kowanne daga ofis, su aika wa Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma, kada a ƙara kada a rage. In ɗan jarida ya zo tambaya, a ba shi wannan lissafi, gama kukan da aka ji shi ake share wa hawaye.