Jinin da Aka Ɗiba Don Bincike: Wa Ke da Iko da Shi?

Ɗigon jinin da malamin asibiti ke ɗiba a yatsan yaro a Dogo ko Zinder yana ɗauke da ƙwayoyin halittar gado. Abin da aka karanta a ciki ya shafi uwa da uba da dangi baki ɗaya, shi ya sa aka gindaya wa binciken sharuɗɗa.

Amfaninsa a fili yake. Idan gwajin jini ya nuna miji da mata duk AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar sikila, a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi mai amosanin jini, wato sikila. A 2024 jihar Kano ta wajabta irin wannan gwaji kafin aure. Sai dai sakamakon amana ne: in ya bazu a gari, yarinya na iya rasa manemi.

Sharaɗi na farko shi ne yarda, bayan an yi wa mutum bayani da harshensa. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200 masu sanƙarau a Kano, iyaye suka ce ba a fahimtar da su ba. Na biyu, kada a karkatar da jinin zuwa wani binciken daban. A Amurka, ƙabilar Havasupai ta kai ƙarar wata jami'a kan haka, aka mayar mata da jininta a 2010.

Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2017. Duk wanda aka nemi jininsa yana da haƙƙin tambayar inda za a kai shi da wanda zai ga sakamakon, kuma yana iya ƙi.