Koyon Kitso, Ƙunshi da Aski Daga Gazawa Zuwa Gidan Rumji: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A Agye, Gazawa da Gidan Rumji da ke jihar Maraɗi ta Nijar, akasarin masu kitso da ƙunshi ba a aji suka koya ba. Yarinya kan zauna gefen gwanar unguwa, tana miƙa mata tsinke da man kitso, tana tsefe kan masu jiran layi, har ranar da za a ba ta kan ƙaramar yarinya ta gwada kalaba. Aski kuwa gadon wanzamai ne, ko da yake samari masu injin aski sun cika tasha da bakin kasuwa.

To me makaranta za ta ƙara? Ba saurin hannu ba, wannan sai yau da gobe. Abin da take koyarwa shi ne sanin abin da ke cikin kwalba. Man saukar da gashi yakan ƙunshi soda mai ƙarfi. In ya wuce lokacinsa a kai, sai ƙuna da zubewar gashi. Baƙin lallen da ke kamawa nan take ana haɗa shi da sinadarin PPD, wanda kan sa fatar wasu ta yi ƙuraje masu ruwa, shi ya sa ake ɗiga kaɗan a bayan kunne a jira kwana 2 kafin a zana wa amarya. Mayukan bilicin da yawa na ɗauke da haidirokwinon ko makuri. Reza ɗaya a kan mutum biyu kuwa hanya ce ta ciwon hanta nau'in B. Duk malamar da ba ta koyar da waɗannan, a ganina, kuɗinki kawai take so.

Gwamnati na da cibiyoyin koyon sana'a, CFM, a ƙananan hukumomi, amma sun fi ƙarfi wajen ɗinki, kafinta, walda da kanikanci. Gyaran gashi da na jiki, irin su dilka da halawa, an fi samun su a shagunan birnin Maraɗi. Asusun FAFPA kan tallafa wa koyon sana'a a hannun masu shago, don haka a leƙa ofishin magajin gari a tambaya. Kafin ki biya ko dala, ki ji: wata nawa ne, wa zai sayi kayan aiki, kuma takardar da za a ba ki hukuma ta san da ita?

Sai kasuwa. Aiki na yin yawa ne a jajibirin Sallah da bayan kaka, in an sayar da aya da gyaɗa aka shiga bukukuwa. Da damina kowa na gona. Kaya da yawa daga Kano suke zuwa, lantarkin yankin ma ta layin Katsina zuwa Gazawa yake shigowa. Da Najeriya ta yanke shi a Agustan 2023, masu na'urar busar da gashi sun ji a jikinsu, mai kitson hannu ba ta fasa ba. Saboda haka mai shirin buɗe shago ta sa kuɗin sola ko injin caji cikin lissafin jari tun farko.