Ƙasusuwan kakanni da iyakar Jibiya: wa ke da haƙƙin karɓa?

Tun daga 1990, lokacin da Amurka ta yi dokar da ta tilasta wa gidajen tarihi masu samun kuɗi daga gwamnati su miƙa wa ƙabilun asali gawawwakin kakanninsu, batun mayar da ƙasusuwan mamata ya shiga majalisu da kotuna. Faransa sai da ta yi doka ta musamman kafin a kai gawar Sarah Baartman gida Afirka ta Kudu a 2002. Ta mayar wa Aljeriya ƙoƙon kai 24 a 2020, sannan a Disambar 2023 ta yi doka ta gama-gari, wadda a ƙarƙashinta Madagaska ta karɓi ƙoƙunan kai uku a 2025. Matsin lambar jikoki ne ya kawo wannan sauyi, tare da buƙatar Turawa ta gyara sunansu a Afirka. Amma dokar Faransa ta gindaya sharaɗi: gwamnatin ƙasa kaɗai ke da ikon nema. A nan gizo ke saƙar, domin gwamnati daban, magada daban.

Wanda ke son ganin illar wannan sharaɗi ya dubi Jibiya. Hanyar da ta bi ta Magama zuwa Maraɗi ta haɗa Katsinawa biyu ne. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi ƙaura zuwa arewa ya kafa Maraɗi, kuma har yau sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Daga baya Ingila da Faransa suka ja layi tsakaninsu, wasu suka zama 'yan Najeriya, wasu 'yan Nijar. Kaburburan kakanni kuwa suna nan inda aka bar su. Mafi shahara su ne na Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, inda aka binne manyan Katsina na farko. Wani Baturen mulki mai suna Palmer ya tona wasu a 1907, aka ayyana wurin cikin kayan tarihin ƙasa a 1959, masu bincike daga Jamus suka sake tonawa a 1992 tare da hukumar gidajen tarihi ta Najeriya. A 2007 aka kai abin da aka tono birnin Mainz na Jamus domin a gyara a adana, daga baya aka dawo da shi Najeriya. An samu zinariya da hauren giwa da wuri da tasoshin tagulla, shaidar cewa fataucin Katsina ya kai nesa tun ƙarnoni da dama. Wannan tafiya ta ƙare lami lafiya, ba a je kotu ba. Duk da haka yarjejeniya ce tsakanin hukuma da hukuma, kuma dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihin ba ta san wani magaji a ƙetaren Jibiya ba. Da rigima ta taso, Bakatsinen Maraɗi ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa, ko a Abuja ko a Turai.

Akwai masu cewa waɗannan mutanen jahiliyya ne, me ya dami Musulmi da ƙashinsu. Amsar tana cikin addinin kansa: Musulunci ya girmama gawar ɗan Adam, kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude. Wasu kuma na cewa ba don tonon ba, da ba mu san arzikin tsohuwar Katsina ba. Gaskiya ne, kuma wannan hujja tana da nauyi. Sai dai bincike da neman izini ba kishiyoyi ba ne. Ana iya auna ƙashi, a ɗauki hoto, a rubuta, sannan a mayar da mamaci makwancinsa idan magada sun so haka.

Hujjar da ta fi wuyar turewa ita ce ta tsaro. Yankin Jibiya na fama da 'yan bindiga, an rufe iyakar a 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kuma ɓarayin kayan tarihi sun riga sun yi wa maƙabartun Bura na Nijar ɓarna mai yawa, har a 2000 aka sa tukwanen Bura da mutum-mutumin yumɓu na Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan da aka gargaɗi duniya kada ta saya. To amma wannan ɓarna ta faru ne yayin da komai ke hannun hukuma. Manomin da ke noma gefen kabari ya fi kowane jami'i sanin wanda ya zo da diga da dare, kuma ba zai tsare abin da doka ta ce ba nasa ba ne.

Najeriya ta riga ta buɗe hanya a 2023, da gwamnatin Buhari ta amince cewa kayan tagullar Benin da ake dawowa da su mallakar Oba, sarkin Benin, ne. Irin wannan amincewa ta fi cancanta a kan gawa. A Katsina kuwa ba za ta cika ba sai an rubuta cikin doka cewa kafin a tona ko a ɗauke kabarin sarakunan farko, za a tuntuɓi masarautar Katsina da mai riƙe da sarautar Durɓinta, a kuma aika wa fadar Maraɗi.