Shaihu Umar a Hannun Ɗan Shekara 11: A Ɓoye Masa Ko a Karantar da Shi?

A shekarar 1933 ne Dokta Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausar boko, wadda ta haifar mana da littattafan nan biyar da har gobe muke tinƙaho da su, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Manufar gasar ita ce a samar wa waɗanda suka koyi boko abin karantawa, kuma galibinsu a wancan zamani 'yan makaranta ne. Yau ga shi an haura shekara 90, amma sai na lura wasu iyaye da malamai, musamman a makarantun kuɗi, sun fara ɗari-ɗari da sanya waɗannan littattafai a hannun yara 'yan shekara 10 zuwa 12, bisa hujjar cewa abin da ke cikinsu ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwar yaro.

Mai karatu, kada mu yi saurin kiran wannan fargaba gidadanci, domin tana da tushe. Ɗauki Jiki Magayi: labari ne na mai kuɗin da ya ƙwace wa saurayi budurwarsa, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, daga ƙarshe ɗan da aka haifa a wannan aure ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa. Ganɗoki cike yake da yaƙi da zubar da jini. Shi kuwa Shaihu Umar, wanda a kansa nake son in tsaya, labarin yaro ne ɗan Kagara da aka sace yana ƙarami, kura ta hallaka wanda ya sace shi, ya yi ta faɗawa daga wannan hannu zuwa wancan, har wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano ya ƙetare Sahara da shi. Mahaifiyarsa ta fita cigiyarsa, ita ma aka yaudare ta aka sayar, ta sha azabar bauta, ba ta sake ganin ɗanta ba sai dab da ajalinta.

A da muna karanta wannan labari kamar tatsuniyar wani zamani da ya shuɗe. Amma yaron da ya tashi yana jin labarin Chibok a 2014, da Dapchi a 2018, da Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, ba zai ɗauki satar yaro a matsayin tatsuniya ba. Hasali ma sunan garin Umar, Kagara, shi ne sunan garin da aka kwashe 'yan makaranta a Jihar Neja cikin Fabrairun 2021. A aji mai yara 60 a Zamfara ko Katsina, da wuya a rasa wanda gidansu ko na maƙwabtansu ya taɓa haɗa kuɗin fansa.

Duk da haka, ra'ayina shi ne a karantar da littafin, kuma ga dalilaina.

Na farko, yaron da muke cewa muna kārewa ya riga ya ji abin da ya fi wannan muni a rediyo da wayar yayyensa da hirar ƙofar gida, inda babu wanda ke tsayawa ya yi masa bayani. A aji ne kaɗai zai gamu da irin wannan labari cikin tsari, da malami a gabansa, da damar ɗaga hannu ya yi tambaya.

Na biyu, Shaihu Umar na cikin 'yan rubuce-rubucen da Bahaushe ya bayyana bauta da harshensa, tun tana da sauran numfashi. An buga shi a 1934, marubucinsa yana matashin malamin makaranta a Bauchi. Dokar Lugga ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga watan Afrilun wannan shekara, amma ba a soke bauta ɗungurungum a dokar Arewa ba sai 1936. Ke nan littafin ya riga dokar fitowa da shekara 2, kuma masu karatunsa na farko sun san bayi da idanunsu. Idan muka ɓoye shi, sai yaranmu su tashi suna sanin labarin jiragen ruwan da suka kwashi bayi zuwa Amurka, ba su san na ayarin da ya bi ta Murzuƙ zuwa Tarabulus ba.

Na uku ya shafi fagena, wato harshe. Shekara da shekaru ina tambayar ɗalibaina na jami'a ma'anar kalmomi irin su murgu da rinji da bacucane da kuyanga da ƙwarƙwara, kuma kaɗan ne ke iya amsawa. Murgu shi ne kuɗin da bawa ke biyan ubangidansa don a bar shi ya yi neman kansa. Rinji ƙauyen bayi ne masu noma. Bacucane kuwa wanda aka haifa ne cikin bauta. Abin lura shi ne, ma'anonin sun ɓace amma dafin bai ɓace ba, domin har yanzu ana gorin “ɗan bayi” a filin wasa, ana kuma fasa aure saboda binciken asali. Yaron da bai san tarihin kalma ba shi ya fi saurin jifan ɗan uwansa da ita.

To amma fa akwai sharuɗɗa, kuma a nan gizo ke saƙar. Babban haɗarin Shaihu Umar ba ya ga kura ko guguwar hamada. Yana ga darasin da yaro zai iya ɗauka idan aka bar shi shi kaɗai, domin Umar ya faɗa hannun ubangida mai kirki wanda ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu, har ya zama shaihin da ɗalibai ke tururuwa wurinsa a Rauta. Ɗan shekara 11 na iya rufe littafin yana zaton sata ce ta zame wa Umar alheri. Aikin malami ne ya juya hankalin aji zuwa ga uwar, ya tambaye su: shin ilmin da Umar ya samu ya biya ta shekarun da ta yi tana kuka? Sauran yaran da ke cikin ayarin, waɗanda ba a ma ambaci sunayensu ba, ina suka ƙare? Shi ubangidan mai kirki, da wace sana'a ya tara dukiyarsa? Na taɓa zama a bayan wani aji inda malami ya karance babin wahalar uwar nan cikin minti 10, ya rubuta “ma'anar kalmomi” a allo, aka kaɗa ƙararrawa. Wannan shi ne abin da ya kamata iyaye su ji tsoro.

Saboda haka ina ba da shawara kamar haka. A fara da zaɓaɓɓun labarai daga Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja a ajin ƙarshe na firamare, a kawo Shaihu Umar a farkon ƙaramar sakandare, a jinkirta Jiki Magayi sai yara sun ƙara hankali. A karanta babobi masu nauyi a cikin aji da babbar murya, kada a bayar da su aikin gida. Malami ya san yaransa tukuna, ta yadda wanda aka taɓa sace wani nasa za a sanar da iyayensa, a kuma ba shi zaɓin fita ba tare da an nuna shi da yatsa ba. Kalmomi irin su “arna”, da ke yawo a rubuce-rubucen wancan zamani, kada a goge su, kada kuma a wuce su shiru, a bayyana yadda aka yi amfani da su da dalilin da ya sa ba za mu kira abokin zamanmu da su ba a yau. Daɗin daɗawa, ya kamata masu buga littattafan, irin su kamfanin NNPC na Zariya, su haɗa hannu da sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi a fito da bugu na musamman mai ɗauke da gabatarwar tarihi da taswirar hanyar ayari da jagoran malami.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Yaran nan su ne za su riƙe ƙasar da har yanzu ake sanya wa ɗan Adam farashi a cikin dazuzzukanta, don haka gara su san cewa an taɓa yin haka a nan, su san sunan abin da harshensu, su kuma koyi ƙyamarsa tun icce yana ɗanye. Allah Ya sa mu dace.