Kifi nawa za ka ƙirga kafin ka biya kuɗi?

Jama'a, masu shirin sayen 'ya'yan tarwada a Jahun da Haɗeja, ga wani ɗan lissafi da zai tsare muku jari.

A ce za ka sayi guda 5,000, kuma a gaskiya kashi 10 cikin 100 tsumburarru ne. Ba ka iya duba su ɗaya bayan ɗaya, dole ka ɗebi kaɗan. To kowace ɗiba da abin da za ta nuna maka. In ka ɗebi 25, kana iya ganin tsumburarre ɗaya, ko biyar, ko ma babu. Mai kaya ya ce "ka gani ko?", kai kuma ka biya.

In ka ɗebi 100, magana ta canza. Da za ka yi ta maimaita ɗibar, sakamakon zai taru a kusa da 10, yana raguwa hagu da dama kamar tudu. Kusan sau 95 cikin 100, tsakanin 4 da 16 za ka samu. Da 400 kuwa, tsakanin kashi 7 da 13. Wato sai ka ninka ɗiba sau huɗu kafin kuskure ya ragu da rabi. Shi ya sa ni a 100 nake tsayawa, 400 wahalar da kifi ne kawai.

Amma lissafin tudun nan yana aiki ne idan ana sa ran tsumburarru kamar 10 a cikin ɗibar, 25 ba ta kai ba. Kuma kada ka ɗeba daga wuri ɗaya, raunana kan taru a gefe da saman ruwa. Ka zura koma wurare daban-daban, kai da kanka.