Ilmin Manɗiƙi Tsakanin Zaure da Jami'a

Duk yaron da ya tashi a unguwar Aboabo a Ghana ya kama littattafai a zauren malam, da wuya ya wuce bai karanta Ahalari ba, domin a cikinsa ake koyon hukuncin tsarki da salla da ƙabli da ba'adi. Amma kaɗan ne suka san cewa mawallafinsa, Shehu Abdurrahman al-Ahdari na ƙasar Aljeriya, shi ne kuma ya nazamta Sullam a shekara ta 941 bayan Hijira, yana ɗan shekara 21, a kan manɗiƙi, wato ilmin da ke rarrabe ingantacciyar hujja daga gurɓatacciya, kamar yadda dillali ke zaɓen goro yana fitar da mai tsutsa.

Abin da ya tuna mini wannan shi ne 'ya'yanmu da ke zuwa Jami'ar Ghana a Legon, inda darasin auna hujja yake cikin darussan dole, su dawo hutu suna ɗaukarsa baƙon ilmin Turawa, iyaye kuwa suna tsoron kada ya koya musu jayayya da manya. Alhali aikinsa a fili yake. In mutum ya ce duk ɗan Zango yana jin Hausa, wannan mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia tana jin Hausa, saboda haka 'yar Zango ce, to muƙaddimomin biyu suna iya zama gaskiya, natijar kuwa ta rushe, domin ba a ce duk mai jin Hausa ɗan Zango ne ba. Ga Asantawa nan da ciniki ya koya musu harshen. Wannan shi malamai ke kira mugalaɗa, kuma na sha jin irinta ta raba zumunta a majalisa.

Tsoron iyaye ma yana da asali, gama Imam Suyuɗi na Masar ya haramta shagala da manɗiƙi. Sai Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya aika masa da baitoci yana kare fannin, shi ma Suyuɗi ya mayar da amsa da baitoci, kowannensu yana girmama ɗan'uwansa. Ni dai ina bayan Magili, kuma burina in ga malamin zaure da ɗalibin Legon sun shimfiɗa tabarma ɗaya bayan La'asar, wannan da Sullam, wancan da littafinsa na jami'a, suna gwada babin ƙiyasi.