Fitowar Da Ta Juya Labarin Romeo Da Juliet

Idan aka ambaci Romeo da Juliet, abin da ke faɗo wa yawancin 'yan kallo a rai shi ne Juliet a kan baranda cikin dare, ko kuma ƙarshen labarin inda masoyan suka mutu a makabarta. Amma fitowar da ta yanke wa labarin hukunci a tsakiya take: kashi na uku, fitowa ta ɗaya. Romeo da Juliet ma ba su haɗu a cikinta ba. Faɗa ne a kan titi, da rana tsaka.

William Shakespeare ya rubuta wasan wajajen 1595, labarin kuma a birnin Verona na Italiya ya faru. Gidaje biyu ne, Montague da Capulet, gaba ce tsakaninsu tun kaka da kakanni. Romeo ɗan Montague ne, Juliet 'yar Capulet. Sun haɗu a wajen liyafa, suka kamu da son juna, washegari wani malamin coci mai suna Laurence ya ɗaura musu aure a ɓoye. Har zuwa nan wasan raha ne da barkwanci, ka ce da biki za a tashi.

To, bai fi awa ɗaya da ɗaura auren ba sai ga Tybalt, ɗan kawun Juliet, mai zuciya a kusa. Romeo yake nema, don yana jin haushin kutsen da ya yi musu a liyafa. Ya zage shi a bainar jama'a, Romeo ya ƙi tankawa, sai ma lallashi da ya shiga yi. Abokinsa Mercutio ya ga wannan ai ragwanci ne, ya zare takobi ya tari faɗan. Romeo ya shiga tsakani don ya raba, Tybalt kuwa ya soke Mercutio ta ƙarƙashin hannun Romeo. Mercutio ya cika, idon Romeo ya rufe, ya kashe Tybalt. Sarkin gari ya kore shi daga Verona.

Me ya sa fitowar take kama zuciya haka?

Abu na farko, mu 'yan kallo mun san abin da mutanen cikin wasan ba su sani ba. Mun san Tybalt ya riga ya zama surukin Romeo. Tybalt na ganin raini ne, Mercutio na ganin tsoro ne, mu kaɗai muka san dalili. Shi ya sa kake ji kamar ka yi magana ta cikin talabijin ka ce, "Kai, ka faɗa musu mana!" Romeo kuwa ba halin faɗa, don tona asirin auren wani sabon bala'in ne.

Na biyu, kyakkyawar niyya ce ta jawo mutuwar. Da Romeo ya tsaya gefe ya zuba ido, wataƙila da Mercutio ya kare kansa. Rabon faɗa ne ya buɗe wa takobi hanya. Idan mugu ya yi mugunta, haushi kawai za ka ji. Amma idan mutum ya zo gyara ya ɓata, tausayi ne ke kama ka, kuma tausayi ya fi haushi daɗewa a zuciya.

Na uku, duba wanda aka zaɓa ya fara mutuwa. Mercutio shi ne ɗan barkwancin wasan, kuma ba Montague ba ne, ba Capulet ba ne, ɗan'uwan sarki ne. Ko da aka soke shi bai daina zolaya ba, har Romeo ya ɗauka raunin ba wani babba ba ne. Sai ya juya ya tsine wa gidajen biyu, ya maimaita. Daga nan dariya ta yi ƙaranci a wasan.

Na huɗu, ba komawa baya. Tun a kashi na ɗaya sarki ya gargaɗi gidajen cewa duk wanda ya sake ta da faɗa a titi, ransa ne zai biya. Kora sassauci ce, amma ita ta haifi duk abin da ya biyo baya: Romeo ya tafi Mantua, mahaifin Juliet ya matsa sai ta auri Paris, ta sha maganin da ya sa aka ɗauka ta mutu, wasiƙar da za ta bayyana wa Romeo gaskiya ba ta isa gare shi ba. Cire wannan faɗan ka gani, sauran labarin duk zai rushe.

Daraktoci sun gane haka. A fim ɗin Franco Zeffirelli na 1968, faɗan kamar wasa ya fara, ana ta shewa, har Mercutio ya faɗi abokansa na zaton shaƙiyancinsa ne. A na Baz Luhrmann na 1996, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a Romeo, a bakin teku aka yi shi, da fasasshen gilashi aka soki Mercutio, hadari kuma ya haɗo yana cikawa. A West Side Story na 1961, fim mai cike da waƙa da rawa, Bernardo ya kashe Riff, Tony ya kashe Bernardo, yayan masoyiyarsa Maria. Masu kallon Indiya kuwa za su tuna Ram-Leela na 2013, inda yayan Leela ya harbe yayan Ram, shi kuma Ram ya rama nan take. An canja gari, an canja makami, amma ƙashin bayan fitowar yana nan.

Don haka idan ka zauna kallon fim ɗin soyayya, na Kannywood ne ko na Indiya, ka nemi wurin da jarumi ya aikata abin da ba zai iya janyewa ba. Sannan ka tambayi kanka, da hannunsa ya yi, ko marubuci ne kawai ya jefo hatsarin mota don labari ya ci gaba? Idan da hannunsa ne, kuma kai ma da kana wurin abin da za ka yi kenan, to wannan fim ɗin sai ya daɗe bai bar ranka ba.